Shanyar Baffa

Lafiya, 7 ga Yuli

Zuwa ga Dakta Asama'u Hizbullahi,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, kina kuma jure sanyin Glasgow. Mu nan ruwa ake yi ba ƙaƙƙautawa, doya ta yi kyau a gonakin Adogi. Matata Perpetua tana gaishe ki, ta ce in tambaye ki me kike ci a ƙasar da ba a san sakwara ba.

Na zaɓi in rubuto maimakon in kira domin maganar aiki ce. Shekara talatin da ɗaya a ɗakin gwaji sun koya mini cewa abin da ba a rubuta ba, gobe sai a ce ba a faɗa ba.

Dakta, gwajin ya ƙi. Sau uku na yi shi yadda kika tsara kafin ki tafi, sau uku babu abin da ya fito. Darakta, Farfesa Kalilu, ya ɗebi hodar da muke gwajin da ita ya aika Abuja aka auna, sakamako ya dawo ranar Alhamis. Sun ce haske ya riga ya lalata ta gaba ɗaya. Ranar Juma'a aka ba ni takardar tuhuma. Kwamitin ladabtarwa zai zauna ranar Laraba, 23 ga wata. Kin san akwai tsohon gargaɗi a fayil ɗina tun shekarar da firiza ta mutu a hannuna. In suka same ni da laifi a karo na biyu, sallama ce, ga shi kuwa wata goma sha huɗu suka rage mini in yi ritaya.

Biyu daga cikin 'yan kwamitin ba masana kimiyya ba ne, don haka na shirya bayanin da zan yi musu. Ki gyara mini inda na kauce. Zan ce: ƙwayar cutar sammore da ke kashe shanu tana da tantani da ya lulluɓe ta. A jikin tantanin akwai wani furotin da ke aiki kamar ƙofa, ta nan magani ke shiga. A wurare da dama magani ya daina ci, mu kuwa ba mu ma san yadda ƙofar ke buɗewa da rufewa ba, balle mu san abin da ya sauya. Furotin da amino asid iri ashirin ake gina shi. Hodar nan wani iri ne na daban wanda babu shi a jikin halitta, masana ne suka haɗa shi. Muna ba ƙwayoyin da muke reno a kwalba, su kuma su saka shi a daidai wurin da muka zaɓa a jikin ƙofar. Da an haska masa fitila mai ƙarfi, sai ya kama duk abin da ke kusa da shi ya riƙe, kamar ƙarangiya a zani. Da haka ake gane wane sashe ke taɓa wane yayin da ƙofar ke motsi. Amma sau ɗaya yake kamu. In haske ya riske shi tun yana kwalba, ya gama aiki.

Saura magana ɗaya. Littafin sito ya nuna ni na karɓi kayan daga hannun direba ranar 6 ga Mayu, kamar yadda kika ce in rubuta. Bai nuna sun kwana biyu a gidan Baffanki ba. Ban gaya wa kowa ba.

Ki huta lafiya. Ubangiji ya kiyaye ki.

Naki cikin aiki,
Iorfa

*

Glasgow, 8 ga Yuli

Baba Iorfa,

Barka da aiki, barka da haƙuri. Ina gaida Mama Perpetua. Ka gaya mata dankali nake ci safe da rana, har na fara kama da shi.

Na karanta takardarka a tsaye, na sake karantawa a zaune. Bayaninka babu abin gyara, ya ma fi wanda nake yi wa Turawan nan. Amma raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba. Shekara shida ina rubuta takardun neman wannan aiki ana mayar mini da su. Wata biyar aka yi kafin hodar nan ta samu izinin shigowa ƙasa. Yau a ce mini kwalba uku duk sun tashi a banza.

Ka yi haƙuri da tambayoyin da zan yi, na san ka girme su. Da ka auna hodar, jan ƙwan fitila kaɗai ka kunna? Labulen tagar yamma a sauke yake? Akwai wata 'yar ɓula a gefensa da nake ta cewa a ɗinke. Ka mayar da takardar azurfa a jikin kwalaben bayan kowane awo? Wani ya shiga ɗakin ba ka nan? Ka zauna ka tuna a hankali. Ruwa ba ya tsami banza.

Game da gidan Baffa, ina roƙonka ka bar maganar inda take. Ka san dalilina. Kayan sun iso ranar Lahadi, cibiyar bincikenmu a rufe, firjin sito kuwa da an kashe janareta shi ma ya kwanta. Ga kuma ɗabi'ar mai sito ta buɗe kowane kwali a bakin taga don ya ga abin da ke ciki da kyau. Firjin gidanmu da hasken rana yake aiki, bai taɓa tsayawa ba. Na yi abin da na ga ya fi, amma doka ba ta san wannan ba. In masu ba da tallafi suka ji na karkatar da kayansu zuwa gida, kuma na sa an rubuta wani abu dabam a littafi, za su karɓe aikin daga hannuna. Kwana biyun nan kuwa ba su da alaƙa da abin da ya faru. Kwali a rufe ya shiga firji, a rufe ya fito. Zan ma sake tambayar Baffa don hankalinmu ya kwanta.

Zan rubuta wa Farfesa Kalilu in shaida masa irin riƙon amanarka. Kai ka koya mini riƙe kwalbar gwaji tun ina 'yar sakandare ina bin ka ɗakin aiki lokacin hutu. Ba zan zuba ido a wulaƙanta ka ba.

Allah ya fid da mu.

'Yarka,
Asama'u

*

Lafiya, 11 ga Yuli

Ma'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'a, muna nan lafiya, ni da innarki da shanun da suka rage. Jar saniyar nan ta haihu ranar Talata, mace. Innarki ta ce ki riƙa rufe kunnuwanki in za ki fita.

Jiya da kika kira ban ji rabin abin da kika ce ba. Kunnen nan ya zama na ado. Abin da na tsinta shi ne kina tambayar kwalin nan da ya kwana a wurinmu. Shi ya sa na ɗauki biro, in na gama in ɗauki hoton takardar in tura miki. Da ma akwai labarin da na ɓoye sai kin dawo in ba ki, don ki san tsohon malamin dabbobi bai mance aikinsa ba. Tunda kin tambaya, ga shi.

Ranar da Mahmuda direba ya kawo kayan, ruwa ya dake su tun daga Akwanga. Ya sauke mini kwali yana ɗiga, yana cewa, "Baba, ba ni ba ne fa, ruwa ne, but ɗin motan yana yoyo." Na ce ya tafi abinsa. Kin ce a sa a firji kada a buɗe, na ji. Amma busasshen kwali kike nufi, ba ki san zai zo a jiƙe ba. Da na ɗaga murfi sai na tarar ƙanƙarar ciki ta narke, kwalabe uku suna kwance cikin ruwa, takardun jikinsu sun saɓule, rubutun ya wanke. Na warware takardar azurfar, na ɗaga ɗaya na duba, sai na ga hodar ta dunƙule.

Shekara ashirin da takwas ina yawo da magani a jaka daga ruga zuwa ruga, daga Ashige har bakin Binuwai. Abu na farko da aka koya mana shi ne danshi ne maƙiyin magani. Garin magani nawa na ceta da hannuna a damina? Don haka washegari da rana ta fito, na wanke hannu da sabulu, na tafasa cokali, na ɗauko farantan tangaran na innarki waɗanda ba ta bari ko baƙo ya taɓa. Kowace kwalba da farantinta, ban gauraya ba. Na rufa musu rariya saboda ƙuda, na ajiye su a kan rufin rumbu kusa da barkonon da take shanya. Ni da kaina na zauna gadi da sanda saboda kaji, tun hantsi har aka kira azahar. Ta bushe sarai, har ta ɗan yi launin ƙasa-ƙasa mai kyau. Na mayar da kowace a kwalbarta, na aika aka sayo sabuwar takardar azurfa, na naɗe su yadda suka zo. Iorfa da ya zo ɗauka bai ga alamar komai ba, ni kuwa na yi shiru ina dariya a ciki.

Af, shi wannan maci saniyar, Iorfa, ina ya shiga? Wata biyu ke nan bai zo mun yi dara a gindin mangwaro ba. Ko dai ya gaji da shan kaye ne? Ki gaya masa har yau muna jiran saniyar da kakana ya ba kakansa ajiya. Batibi dai ba ya sauya hali, ka ba shi amana ya ce maka kura ce ta zo.

Ki yi karatu, ki ci abinci, kada ki bar salla. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Hizbullahi

*

Glasgow, 12 ga Yuli

Baba Iorfa,

Ina kwana, ina gajiya. Ina fata ka tashi lafiya.

Ka yafe mini tambayoyin da na yi maka. Kunya ta hana ni sakat tun jiya. Ba labule ba ne, ba fitila ba ce, ba kai ba ne. Baffa ne. Kwalin ya jiƙe a hanya, ya buɗe, ya juye hodar a faranti ya shanya ta a rana, wajen awa huɗu, a gefen barkonon Inna. Ya rubuto mini da alfahari, yana jiran in yaba masa. Na yi dariya har na zauna a ƙasa, daga nan kuma sai kuka. Laifina ne. Na ce masa kada ya buɗe, ban gaya masa dalili ba, don na ɗauka ba zai gane ba. Mutumin da ya yi shekara ashirin da takwas yana allurar shanu.

Yanzu ga abin da na yi tunani, ka saurare ni har ƙarshe. Gaskiya ne ruwa ya shiga kwalin. Gaskiya ne takardun jikin kwalaben sun saɓule a motar Mahmuda. In ka gaya wa kwamiti cewa kayan sun zo a jiƙe, naɗin ya warware a hanya, kuma mai yiwuwa rana ta same su a tasha kafin su iso, ba ka yi wata babbar ƙarya ba. Laifi ya koma kan hanya. Kai ka fita, aikin ya tsira, Baffa kuma bai taɓa sanin abin da ya yi ba. Ka san shi. Tun da ya bar aiki, abin da ya rage masa shi ne a ce ya san magani. In ya ji shi ya kashe aikin da nake yi saboda shanun mutanensa, ban san yadda zai ɗauka ba, ga hawan jini.

Na san abin da nake roƙo ba mai kyau ba ne. Amma ban ga wata hanyar da ba za ta kayar da ɗayanmu ba.

Ina jiran amsarka. Allah ya ƙara girma.

Asama'u

*

Lafiya, 14 ga Yuli

'Yata Asama'u,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yau ban ce Dakta ba, domin ba da ma'aikacinki za ki yi magana ba.

Na sani tun ranar 8 ga Mayu. Da na buɗe kwalba ta biyu a ƙarƙashin jar fitila, sai na ga wani abu a cikin hodar. Na ɗauko shi da hantsaki, na kai ɗaya ɗakin na duba. Ƙwayar barkono ce. Ban san kamfanin da ke haɗa amino asid da barkono ba, amma na san rufin rumbun gidanku, na kuma san abokina. Shekara arba'in muna tare. Ya taɓa shanya mini agogo a rana don ya faɗa cikin randa.

Za ki ce me ya sa na yi gwajin har sau uku. Na sa rai ne ko wani sashe na hodar ya tsira, kada magana ta tashi. Wannan kuskurena ne, na ɓata mako shida da kayan aiki, kuma zan amsa shi a gaban kwamiti in sun tambaya. Na kuma yi shiru a takardata ta farko domin ina so in ga ko za ki bi sawun abin da kanki. Da kika tambaye ni labule, na ji zafi. Na gaya wa Perpetua yarinyar da na koya wa wanke kwalba tana tambayata ko na san rufe taga. Ya wuce yanzu.

Maganar Mahmuda kuwa, a'a. Shekara tara yana ɗauko wa cibiya kaya daga Abuja, da wannan yake ciyar da gidansa. Ranar da aka rubuta cewa kaya sun lalace a motarsa, ranar za a daina ba shi. Kuma ni na sa hannu cewa na karɓe su lafiya, a naɗe. In na sauya magana yanzu, na zama mai ƙarya sau biyu. Na farkon ma bai bar ni na yi barci mai daɗi ba.

Ga abin da zan yi. Ba zan ɗora wa Mahmuda ba. Ba zan ambaci gidanku ba, domin na yi miki alkawari, kuma ba ni zan kai abokina gaban kwamiti a yi masa dariya ba. Zan ce ban bar haske ya taɓa hodar ba, in tsaya a nan. In sun tambaye ni to wa ya bari, zan ce ba ni da abin ƙarawa. Na san inda wannan amsa za ta kai ni.

Kada ki ɗauka ba na tsoro. Ina tsoro ƙwarai. Ba na so in koma Adogi a ce ga wanda aka kora. A cocinmu ni ke riƙe makullin ɗakin kaya shekara goma sha biyu, saboda an ce Iorfa ba ya wasa da abin da aka ba shi. Wannan sunan nake so in tafi da shi gida. Amma maganar taki ce da ta mahaifinki, ba tawa ba. Ke za ki san abin da za ki yi da ita.

Na daina zuwa dara ne don fuskata ba ta iya ɓoye abu, shi kuwa Bafillacen nan ya iya karanta fuskar saniya balle ta mutum.

Ki zauna lafiya.

Babanki,
Iorfa

*

Lafiya, 21 ga Yuli

Ma'u,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ina fata ke ma haka.

Yau da safe na je kasuwa sayen kanwa, na haɗu da Perpetua a layin masu doya. Na fara tsokanarta ina mijinta ya ɓuya, sai ta ajiye kwandonta ta ce, "Baba Fulani, kai ba ka ji ba ne? Jibi za su kore abokinka. Sun ce shi ne ya bar wannan fauda na Asama'u ya ga rana. Fauda ɗin ba ya son rana ko kaɗan, in ya gani ya mutu ke nan." Ta ci gaba da magana, ban ji sauran ba. Wannan karon ba laifin kunne ba ne.

Ban sayi kanwar ba. Na hau keke napep na wuce gidansa, na tarar da shi yana gyaran kejin kaji. Na ce, "Iorfa, rana ce ke kashe ta?" Ya ce, "Wa ya gaya maka?" Na ce ya amsa mini. Ya ci gaba da ɗaure wayar kejin, can ya ce, "Ka zauna a kawo maka ruwa." Na zauna. Mun fi awa ɗaya a wurin. Da zan tafi ya raka ni bakin titi, ya ce kada in sa kaina a ciki, wai akwai abin da zai taɓa ki. Sai da na matsa masa ya gaya mini maganar littafin sito.

Garin neman gira na rasa ido. Na zauna gadin abin da nake kashewa, da sanda a hannu, ina korar kaji. Kwana goma kina sane, kika bar ni ina yawo a gari ina jiran yabo. Na san tausayina kika ji, amma wannan tausayin ya fi zagi ciwo. Ni ba ƙwai ba ne. Na taɓa yi wa garke guda allurar da ba ita ba a Ashige, na je da ƙafata na gaya wa mai shanun, ya zage ni, na tsaya na ji.

Abin da ya hana ni tafiya wurin daraktanku yau shi ne ke. Ba yadda zan ce na shanya hodar ba tare da an tambaye ni yadda ta zo gidana ba. Na san shekarun da kika zuba a aikin nan. Na san don sammoren da ya cinye mana shanu goma sha bakwai kina aji uku kika shiga wannan karatu. Ba na so in zama wanda ya lalata kayan, in kuma zama wanda ya karɓe aikin daga hannunki. Ya fi kyau su ji daga bakinki. Ki rubuta musu. In kin rubuta, ni kuma in je in faɗi nawa.

Kullum ina tsokanarsa da amanar da kakansa ya ci. Yau ga shi yana riƙe da tamu, za a kore shi a kanta.

Za su zauna jibi da ƙarfe goma. Ina jiran ki.

Mahaifinki

*

Glasgow, 22 ga Yuli

Baffa,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da Inna. Ka yafe mini shirun da na yi maka.

Na buɗe takardar da zan aika wa kwamiti tun ranar da Baba Iorfa ya ƙi shawarata. Na rubuta ta, na gyara ta ya fi sau goma, tana nan a gabana. Hannuna ne ya kasa aikawa. Duk sanda na kai yatsa sai in tuna akwai wata hodar da aka yi mini alkawari a watan Oktoba, kuma a nan na koyi yadda zan yi gwajin ya fito. Saura ƙiris, Baffa. In suka karɓe aikin, wani za a ba, wanda bai taɓa ganin saniya tana ramewa har ta kasa tashi ba.

Na san wannan ba hujja ba ce. Na san wanda zai biya in na yi shiru. Ina jin tsoro ne kawai, kuma ina jin kunyar tsoron.

Don Allah kada ka je. Ka ba ni zuwa gobe da safe. Akwai wata malama a nan da ta san masu tallafin, ina so in ji ta bakinta ko akwai yadda za a faɗi gaskiyar ba tare da an rasa komai ba. Ka sha maganinka.

'Yarka,
Ma'u

*

Lafiya, 24 ga Yuli

Dakta,

Gaisuwa da fatan kin tashi lafiya.

Kwamiti ya zauna jiya da ƙarfe goma. Da sha ɗaya da rabi, ina tsaye na ce ba ni da abin ƙarawa, sai masinja ya shigo ya ce wani dattijo yana waje tun tara, ya ƙi tafiya. Ya shigo da farar rigarsa ta Juma'a. Ya faɗi komai a tsaye, bai rage ba. Ɗaya daga cikinsu ya yi dariya da aka zo wurin kaji, shi kuwa ya jira har ya gama. Da suka tambaye shi wa ya ce a kai kayan gidansa, sai ya faɗi sunanki cikakke.

Tunda laifin hodar bai hau kaina ba, gargaɗi kawai aka ba ni a kan littafin sito da makonni shidan da na ɓata. Zan ƙarasa watannina. Aikin kuwa an dakatar da shi, Farfesa Kalilu zai rubuto miki da kansa. Na raka Baffanki gida. 

Yau da safe sakatariya ta nuna mini takardarki. Na karanta, babu abin da kika ɓoye, har shawarar da kika ba ni a kan Mahmuda kin saka. Na gode. Mun tashi daga zama ƙarfe ɗaya, takardar ta shigo ƙarfe huɗu da minti goma.

Ban tambayi Baffanki ko ya kira ki kafin ƙarfe huɗu ba. Ba kuma zan tambaye shi ba.

Ki dawo lafiya.

Iorfa